Barau da Yaunin da Ya Mayar Ruwa

Duk wanda ya taɓa bi ta layin 'yan fata a Oko-Oba ya san Barau, ko bai gan shi da ido ba hancinsa ya gaisa da shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana barbaɗa wa fatun shanu gishiri a bayan mayanka, har ta kai in ya kwanta ciwo ƙudajen Agege kan yi ayari su je ƙofar gidansa dubiya. Ɗan gwaggona ne, taubashina, don haka bakina a sake yake a kansa, shi kuwa iyakarsa ya ce Allah ya shirya.

Gajere ne kakkaura, ba a san inda wuyansa ya ƙare kansa ya fara ba. Basarke ne daga Yawuri, wato jinin masunta, waɗanda ake yaye su da romon kifi. Da ya zo Legas yana saurayi, da niyyar su a teku ya zo. Aka kai shi bakin teku, ya ga igiyar ruwa ta miƙe tsaye kamar bene mai hawa uku tana nufo shi, sai ya ce wannan ba ruwan mutane ba ne. Ya juya da takalmansa a hannu, bai tsaya ba sai Agege. A nan wani dattijo ya ba shi buhun gishiri da wuƙa, ya nuna masa fata. Da fatar nan ya auri Sa'adiya, da ita ya gina ɗaki biyu da falo, ya haifi 'ya'ya biyar, kuma har yau bai taɓa cewa ya gaji da ita ba.

Amma ranar Lahadi ba ta fata ba ce. Da an sallame asuba zai saɓa birginsa, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar lema, ya hau motar haya ta danfo zuwa Bega, ya gangara ta bayan Kara inda ake sauke shanu. Can a bakin kogin Ogun yake da wani tsohon kwalekwale da ya fi shi shekaru, wanda rabin jikinsa kwalta ce da gwangwanin madara. Da shi yake tuƙawa sama, nesa da ƙazantar kasuwa, zuwa wani lungu mai ciyawa inda ruwa ya kwanta shiru.

Abokin tafiyarsa Nassirou ne, mutumin Tawa ta Nijar, mai gadin wani gida a Ikeja. Dogo ne siriri, kuma kafin ya zo Legas ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne na cikin randar uwarsa. Bai iya iyo ba, bai iya tuƙi ba. Aikinsa kwarfe ruwa da ƙwarya da karanta duk addu'ar da ya sani, ladansa kuma kifi biyu da hira.

To, kamun kifin Barau ba irin na mutane ba ne. Yana da dokoki da ya gada wurin ubansa, kuma yana riƙe da su kamar farillan alwala. Idon ragarsa sai yatsa huɗu sun shige, don ƙananan kifi su fice su je su girma. Ba ya jefa ƙugiya inda kifi ya yi sheƙa. Sannan duk wadda ya kama ya ga cikinta da ƙwai, komai girmanta, komawa ruwa za ta yi. Ya sha yin cacar baki da masu su da gidan sauro, waɗanda ke kwashe har 'ya'yan da ba su fi farce ba. Wani da ya zuba gubar gamalin a ruwa kifi suka taso matattu, Barau ya bi shi da filafilin tuƙi, har yau mutumin in ya hango gajeren mutum sai ya sauya hanya.

Sakamakon haka, wasu su dawo da buhu, Barau ya dawo da leda. Sa'adiya takan buɗe ledar, ta leƙa, ta dube shi.

“Malam, kai kaɗai ne masuncin da ke zuwa kogi ya gaisa da kifi ya dawo. Yaya ka baro su? Suna lafiya?”

“Suna gaishe ki,” in ji shi, ya ja benci ya kunna rediyo, ya miƙe ƙafafu ana haɗa masa shayi. In ka gan shi a lokacin, ka ce shi ya mallaki Ikeja da filin jirginta.

Haka rayuwa ke tafiya har ɗansa na biyu, Jabiru, mai gyaran waya a Ikeja, ya ga wata tela Bayarabiya mai suna Rashidat a Orile Agege, ita ma ta gan shi. Ba a yi wata gardama ba, gidajen biyu duk Musulmi ne, kuma Jabiru ya fi iya Yarabanci a kan Hausa. Aka je gaisuwar iyaye. Bayan an ci an sha, uban yarinyar, Alhaji Tajuddin, ya miƙo takardar kayan da dangin ango za su kawo ranar baiko, kamar yadda al'adarsu take. Jabiru ya karanta: doya, zuma, gishiri, goro, namijin goro, citta, Alƙur'ani, akwati. Sai ya zo kan wani abu wai shi eja osan.

Barau ya ce mene ne shi. Aka ce kifi ne dogo, mai ƙaya ɗaya shimfiɗe a gadon baya tun daga wuya, da wutsiya siririya kamar ta ɓera, kuma ba a baikon 'yar mutunci sai da shi.

Barau ya buga cinya har kofin shayi ya yi tsalle. “Yauni! Ai yauni ne! Alhaji, wannan kifin da shi aka yi mini wasan yara. Ni ɗan Sarkawa in je kasuwa in sayi yauni? Da hannuna zan kamo, da hannuna zan banda shi, guda, tsawon mutum. In bai kai ba kada ku karɓa.”

Sa'adiya ta taka masa ƙafa, bai ji ba. A gefe guda kuwa akwai wata tsohuwa zaune kan tabarma, kakar yarinyar, wadda kowa ke kira Iya Eleja, wato uwa mai kifi, domin ta shekara arba'in tana sayar da kifi kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta dai dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba, ta ci gaba da taunar goronta.

Kafin magariba labari ya gama Agege. Mahauta suka riƙa tsayar da shi a hanya suna tambaya ko a tanadi tirela. Aka sa baiko wata biyu, tsakiyar damina.

Lahadi ta farko, tarwaɗa huɗu. Ta biyu, karfasa da wani takalmin roba. Ta uku aka wuni ana ruwan sama. Haka aka yi ta yi har Lahadi bakwai, yauni ko wutsiyarsa ba a gani ba. Barau ya fara ramewa, har wuya ya fara fito masa, abin da ko uwarsa ba ta taɓa gani ba.

Lahadi ta takwas ita ce ta ƙarshe, baiko Asabar mai zuwa. Kogi ya cika ya hau ciyawa. Barau ya maƙala ƙaramar karfasa mai rai a babbar ƙugiya, ya sake ta a tsakiyar ruwa inda yake da zurfi, ya naɗe igiyar a hannu. Hantsi ya yi, rana ta take. Nassirou ya kwarfe ruwa har ya fara gyangyaɗi.

Sai igiya ta miƙe. Kwalekwale ya juya da kansa kamar an kira sunansa, ya kama gudu. Nassirou ya yar da ƙwarya, ya damƙe gefen jirgi da hannu biyu, ya runtse ido.

“Barau! Wanga ba kihi ba ne, aljani ne! Sake shi mu tahi gida, don Allah, ina da ɗiya ƙanana!”

“Rufe mana baki ka zauna tsakiya, Buzun banza, za ka kifar da mu!”

“Ni ba Buzu ba ne, amma yau na yarda, in dai za ka kai ni tudu!”

Sun fi awa guda ana ja. In Barau ya jawo kamu biyu, kifi ya ƙwace uku. Igiya ta yanke masa tafin hannu, gumi ya cika masa ido, amma dariya yake yi shi kaɗai, yana kiran sunan ubansa. A hankali abin ya gaji, ya taso. Da farko ƙayar baya ce ta fito tana kaɗawa kamar labule, sannan kai, sannan sauran jiki ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, kamar ba zai ƙare ba. Barau ya rungumo shi da tsohon buhun gishiri ya mirgino shi cikin jirgi. Kai na wajen ƙafar Barau, wutsiya na kan cinyar Nassirou, wanda ya buɗe ido ɗaya ya sake rufewa.

Ga yauni, tsawon mutum, har da ɗoriya in mutumin Barau ne. Nan take ya hango kansa ranar Asabar cikin babbar riga, mutum biyu na biye da shi ɗauke da kifi a kan faranti, mahautan Oko-Oba sun yi tsit.

Sai hannunsa ya sauka a kan cikin kifin. Ya ji shi tim, a cike. Ya ɗan latsa kaɗan, sai ga ƙwai sun ɓullo, manya, ruwan zuma, kamar 'ya'yan carbi. Ya ɗaga kai ya duba bakin ciyawa, can ya hango inda aka tattaro ganye aka fara nannaɗe shi yana yawo a kan ruwa, sheƙa ce ba a gama ba. Ashe mace ce, kwana kaɗan ya rage ta zuba.

Nassirou ya buɗe ido duka biyu, ya ga fuskar abokinsa, ya gane.

“A'a. A'a, Barau. Bon, saurara mini. Dokar babanka na da kyau, amma babanka bai yi suruki da Yarabawa ba. Yau ɗaya tak. Wa za ya sani?”

“Shekara nawa muna zuwa nan, Nassirou?”

“Goma sha biyu.”

“Ka taɓa ganin irinta?”

“Ko a mahwalki.”

“To wataƙila ita kaɗai ta rage. In na banda ta, dubu na banda.”

Yana iya yanke igiya ya tura ta da ƙugiya a baki, amma ya san hakan kisa ne a hankali. Sai ya danne kanta da gwiwa, ya cusa hannu cikin bakin yana lallaɓa ƙarfen. Ƙugiya na fita, ita kuwa ta rufe baki a kan babban yatsansa. Ihun da Barau ya yi, shanun Kara sai da suka miƙe tsaye, wasu ma sun ce an ji shi a Bega. Duk da haka bai jefar da ita ba. Ya sauke ta cikin ruwa a hankali, ya tallafe cikinta da hannun da ke zubar da jini, har numfashinta ya dawo. Ta ɗan tsaya, sannan ta sulale ta nutse.

“Ka ɗauki hoto?” in ji Barau.

Nassirou ya dubi hannayensa, har yanzu suna damƙe da gefen jirgi. Wayar na cikin leda, ledar na cikin aljihu.

Abin da Agege ta yi da labarin nan ba sai an faɗa ba. Masunci ya dawo hannu wofi da yatsa a naɗe, ya ce ya kama kifi tsawon mutum ya sake shi, shaidarsa kuma mutumin da ya yarda cewa idonsa a rufe yake. Wani mahauci ya ce shi ma jiya ya kama jirgin sama a Ikeja, ya ga yana da ciki ya sake shi. Sa'adiya ba ta yi dariya ba. Ta wanke yatsan da ruwan gishiri, tana dannawa fiye da yadda ake bukata.

Jabiru ya shigo ya durƙusa. “Baba, don Allah mu je kasuwa mu saya. Ba wanda zai sani.”

Suka je tare ranar Talata. Duk yaunin da ke kasuwar bai wuce tsawon ludayi ba, 'ya'ya ne da aka kwaso da gidan sauro. Barau ya juya su a hannu, ya ajiye.

“In na sayi waɗannan, gobe su sake kwasowa. Kuma na ce da hannuna. Zan je in faɗi abin da ya faru.”

“In suka ɗaga baikon fa?”

“Sai in san ni na jawo maka, in je in yi ta ba su haƙuri har su gaji.”

Kwana uku yana banda duk tarwaɗar da ya tara, hayaƙi ya hana layin gaba ɗaya shanya wanki.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Alhaji Tajuddin, aka toshe titi, mata sun ɗaura gwaggwaro kamar za su tashi sama. A irin wannan taro akwai mace mai jan ragama da ake kira alaga, lasifika a hannu, baki kamar reza. Ta riƙa kiran kaya ɗaya bayan ɗaya ana ajiyewa ana guɗa. Doya ta zo, zuma ta zo. Sai ta ɗaga murya:

“Eja osan fa? Ina kifin nan mai tsawon mutum da muka ji labari? Ku matsa, ku ba shi hanya ya shigo!”

Aka ajiye kwandon tarwaɗa. Alaga ta ɗaga guda da yatsa biyu, ta juya ta, ta ce ko dai mutumin da aka auna jariri ne. Rumfa ta ɗauki dariya. Alhaji Tajuddin bai yi ba, wani ƙanensa ma har ya fara cewa ba a yi musu haka, a koma a sake shiri. Jabiru ya sunkuyar da kai.

Barau ya miƙe. Yarabancinsa, bayan shekara talatin, kamar garwa ce ke gangarowa daga bene, amma da shi ya yi bayani tun daga ƙugiya har ƙwai. Ya ce ya yi alkawari ya kasa cikawa, laifinsa ne ba na yaro ba. Aka sake fashewa da dariya, wani daga baya ya ce kowane masunci da irin wannan labarin.

Sai aka ji sanda ta bugi ƙasa. Iya Eleja ce. Ta yafito shi da hannu.

“Baba Jabiru, zo nan. Kwance hannun.”

Ya durƙusa gabanta ya warware tsumman. Ta sa tabarau, ta kama yatsan ta juya shi a rana. Ga sawun haƙora a jere, sama da ƙasa, sun yi baka. Ta auna faɗin bakan da yatsunta, ta daɗe tana kallo.

“Ƙwan wane launi?”

“Ruwan zuma, Iya. Manya.”

“Da ka sake ta, da gaba ta tafi?”

“Da baya ta tafi, Iya. Wutsiya ta fara shigewa, tana kallona.”

Tsohuwa ta saki hannun, ta karɓe lasifika daga hannun alaga ba tare da ta roƙa ba. Ta ce ita osan ya cije ta sau uku a rayuwa, ta san haƙorinsa kamar yadda ta san na jikokinta, kuma mai wannan bakin ya fi mutumin nan tsawo. Ta ce wanda bai taɓa riƙe shi da rai ba bai san yana tafiya da baya ba. Ta ce tana yarinya irinsu ake jerawa a kasuwa kamar itace, yau kuwa sai 'yan ludayi, saboda kowa ya kama uwa sai ya cinye ta da cikinta. Sannan ta juya ga ɗanta.

“Tajuddin, mutumin da ya tausaya wa mai ciki alhali ana jiran a yi masa dariya, gidansa zan kai jikata. Ku karɓi tarwaɗa.” Ta sake duban Barau. “Kai kuma ba ka tsira ba. Ranar sunan ɗansu na fari, 'ya'yan kifin nan nake so a gabana. Ka ce ka bar ta ta haihu, to mu gani.”

Guɗa ta tashi. Nassirou, wanda ba ya jin Yarabanci ko kaɗan, ya fi kowa tafi, yana gaya wa na kusa da shi cewa shi ne ya riƙe wutsiya.

Bayan shekara biyu da 'yan watanni Rashidat ta haifi mace, aka sa mata Mastura. Da rani ne, ba lokacin ƙwai ba. Ranar suna da hantsi Barau ya shigo da faranti, a kai yauni uku bandaddu, kowanne tsawon hannu har kafaɗa, daga lungun nan mai ciyawa. Ya ce biyar ya kama, ya mayar da biyu don ba su kai ba. Iya Eleja ta sa aka dafa mata kan guda, ta cinye shi da sauran haƙoranta huɗu, ba ta ba kowa ba.

Yanzu Barau ya kusa sittin, wuyan ya koma inda ya ɓuya. Yana nan a layin 'yan fata Litinin zuwa Asabar, Lahadi kuma yana kogi. Ya ce yakan ga babbar jefi-jefi tana kaɗa ƙaya a bakin ciyawa, kuma wai ta san shi. Tsawonta dai na ƙaruwa duk shekara: a bakin Barau ta kai taɓarya biyu, a bakin Nassirou ta kai danfo har da kwandasta. In baƙo ya nuna shakka, Barau ba ya gardama, sai ya miƙa masa babban yatsa.

Ledarsa ta ɗan ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, har maƙwabta na samun rabo. Sa'adiya takan buɗe, ta leƙa, ta ce, “Yaya ka baro surukar taka?”

“Tana gaishe ki,” in ji shi, ya ja benci.